Yoyon Ɗaki a Damina: Tsakanin Ƙaddara da Sakaci

Yoyon ɗaki na daga cikin jarrabawar da damina ke zuwa da ita kowace shekara a ƙasar Hausa. Ruwa kan sauka a watan Mayu ko Yuni, ya kankama a Yuli, ya kai maƙura a Agusta, lokacin malka, sa'ad da akan wuni a kwana ana yi ba ƙaƙƙautawa. A wannan wata ne rufin da ya shekara yana ɓoye aibinsa yake tonuwa. Abin da ke sauka a kansa kuwa ba kaɗan ba ne. Duk milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita guda, saboda haka ruwan dare ɗaya mai milimita 50 yakan zuba lita 800 a kan ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, wato cikin manyan duro 4. Idan hanyar da aka yi wa wannan ruwa ta toshe, dole ya nemi wata, kuma sau da yawa ta kan shimfiɗar masu gida yake ɓullowa.

In haka ta faru, magana biyu ake ji a bakin mutane. Wani ya ce haka Allah ya ƙaddara, wani ya ce ai sakaci ne. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya. Tambayar da ta rage ita ce inda iyakar take: mene ne a cikin wannan al'amari ya wajaba a karɓa da haƙuri, mene ne kuma za a tambayi bawa a kansa?

Yadda rufi ke fara yoyo

Ba a fahimtar hukuncin abu sai an san yadda abin yake. Rufin soro na gargajiya ana yin sa ne da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya. A jera ta a kan bango, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa a daɓe, sannan a yaɓe saman da abin da zai hana ruwa ratsawa. Magina sun daɗe suna amfani da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Akan ɗan karkata rufin domin ruwa ya gangara zuwa indararo, shi kuma ya watsa shi nesa da gindin bango. Irin wannan rufi yana iya daɗewa ƙwarai, amma da sharaɗin a riƙa duba shi kowace shekara. Zafin rani yana tsattsaga yaɓen, ciyawa tana tsirowa a sama saiwarta ta huda daɓen, ganye da leda da sheƙar tsuntsu suna toshe indararo. Da zarar ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasar takan sha ta yi nauyi, bakin azarar da ke cikin bango ya jiƙe ya fara ruɓewa.

Rufin kwano kuma nasa ciwon daban ne. Tsatsa tana fara ci daga gindin ƙusa, ramin ya faɗaɗa har ruwa ya samu hanya. Guguwar farkon damina tana ɗaga kwanon da ƙusarsa ta saki, abin da ya sa ake ganin duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan rufin gidaje. Idan kafinta bai ba rufin gangara sosai ba, ko ya yi tsumulmular kwano wajen haɗa bakin wani da wani, iska kan turo ruwa ta tsakaninsu. Gara kuma tana cin katakon da ke ƙasa ba tare da an lura ba. Ɗakin jinka shi ma haka ne, in bunu ya tsufa ba a yi sabuwar baibaya ba.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan dalilai sanannu ne, kuma galibinsu ana iya ganin su da ido tun cikin rani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, domin tabon bara yana nan a jikin silin ko bango. A kan wannan sani ne hukuncin addini yake ginuwa.

Ruwa rahama ne

Aƙidar Musulmi ita ce Allah kaɗai ke saukar da ruwa, a lokacin da ya so, gwargwadon da ya so. Alƙur'ani ya siffanta shi da albarka da tsarki, ya kuma kafa hujja da yadda yake raya ƙasa bayan mutuwarta. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, bayan an kwana ana ruwa a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Don haka zagin ruwa, ko tsine wa damina saboda katifa ta jiƙe, bai dace da mumini ba. Ruwan da ya hana mutumin birni barci shi ne manomin gero da dawa ya yi watanni yana jira.

Yoyo kuma ba alamar fushin Allah ba ce, ba abin kunya ba ne a kan kansa. Masallacin Annabi a Madina da ganyen dabino aka rufe shi. Abu Sa'id al-Khudri ya ba da labarin wani dare a goman ƙarshe na azumi da aka yi ruwa har masallacin ya yi yoyo, da asuba kuma ya ga alamar ruwa da taɓo a goshin Annabi bayan an idar da salla. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Idan rufin masallacin mafificin halitta ya zubar da ruwa, babu dalilin da zai sa talaka ya ɗauki yoyon ɗakinsa a matsayin wulaƙanci daga Ubangijinsa.

Duk da haka, yarda da cewa ruwa rahama ne bai hana a nemi tsari daga cutarwarsa ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani mutum ya miƙe ana huɗubar Juma'a ya koka da fari, Annabi ya yi addu'a, aka yi mako guda ana ruwa. Da Juma'a ta zagayo sai aka sake kuka, wannan karon cewa gine-gine sun rushe, hanyoyi sun yanke. Annabi bai tsawata wa mai kukan ba, bai kuma ce masa ya je ya yi haƙuri kawai ba. Ya roƙi Allah ya kawar da ruwan daga kan gari zuwa kewaye, kan tuddai da kwaruruka da wuraren da itatuwa ke tsirowa. Addu'ar ta kiyaye buƙatar mai gona da ta mai gida gaba ɗaya, kuma ita ce sunna ga wanda ruwa ya yi wa yawa.

Tawakkali da riƙon sababi

Kuskuren da ya fi yawa a wannan babi shi ne ɗaukar tawakkali a matsayin naɗe hannu. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya bayyana masa cewa wanda ya kauce wa cuta daga wata ƙaddara ya fita zuwa wata ƙaddarar. Ma'anar ita ce gyaran rufi shi ma yana cikin abin da Allah ya ƙaddara, kamar yadda yoyon yake ciki. Wanda ya hau soro cikin rani ya toshe tsaga bai yi jayayya da Ubangijinsa ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wannan mas'ala a babin tauhidi da tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumid Din. Ya kasa sabubba kashi uku: wanda aka tabbatar da amfaninsa, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, da wanda ruɗu ne kawai. Barin kashi na farko, a wurinsa, ba tawakkali ba ne ko kaɗan. Cikin misalan da ya kawo na abin da aka hana har da kwana a kan hanyar ambaliya, da kwana ƙarƙashin bangon da ya karkata ko rufin da ya karye. Tawakkali aikin zuciya ne: hannu yana kwaɓa ƙasa, zuciya kuma ta san cewa ƙasar ba ta tsare kowa sai da izinin Allah.

Ƙissoshin Alƙur'ani a kan wannan turba suke. An umarci Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai zo ba, alhali Allah mai ikon tserar da shi ne ba tare da katako ko ɗaya ba. A Suratul Kahfi, bawan Allah da Annabi Musa ya bi ya tarar da bango yana shirin faɗuwa, ya tayar da shi, domin dukiyar marayu biyu na ƙarƙashinsa. Ɗakin Ka'aba ma da hannun mutane ake kula da shi. Yana da indararo da ke zubar da ruwan rufinsa cikin Hijiri Isma'il, kuma da ambaliya ta rushe wasu bangayensa a 1630, an sake gina shi a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu. Babu malamin da ya ce a bar shi a rushe tunda ruwan daga Allah yake.

Akwai mai cewa, in an rubuta ɗaki zai faɗi, gyara ba zai hana ba, in kuma ba a rubuta ba, rashin gyara ba zai kayar da shi ba. Amsar malamai ita ce bawa bai san abin da aka rubuta ba sai bayan ya auku, kuma ba a ɗora masa sanin gaibu ba. Abin da aka ɗora masa shi ne aiki da abin da ya sani. Allah ya gudanar da duniya bisa wata al'ada tabbatacciya: ruwa yana bin gangara, ƙasa tana narkewa in ta jiƙe, ƙarfe yana tsatsa. Wanda ya san wannan ya yi biris da shi, ya ƙi karanta ayoyin Allah da ke cikin halitta ne. Shi ya sa malamai suka kafa ƙa'ida cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta faru, domin zuciya ta samu natsuwa, amma ba a kafa hujja da ita don wanke laifi. Mai cewa gyara ba zai hana ba ma ba ya aiki da wannan magana a sauran al'amuransa, domin yana kulle shagonsa da dare, yana kuma kai ɗansa asibiti.

Abin yi sa'ad da ruwa ke zuba

Shari'a ta gabatar da tsare rai a kan tsare dukiya, kuma wannan jeri shi ne ma'aunin aiki a daren yoyo. Abu na farko shi ne mutane. A tashi yara da tsofaffi da marasa lafiya, a mayar da su inda ya fi aminci. Na biyu shi ne wutar lantarki. Idan ruwa na bin bango kusa da soket, ko yana ɗiga ta gindin fanka ko ƙwan fitila, a kashe wutar gidan daga babban makunni, da busasshen hannu, ba a tsaye cikin ruwa ba. Bayan haka ne ake waiwayar kaya: a janye katifa da buhunan hatsi da takardu da littattafai, a tara bokiti ko roba, a jefa tsumma a ciki don kada ruwan ya riƙa fantsama. Idan silin ya kumbura ya yi ciki saboda ruwan da ya taru a bayansa, gara a huda shi kaɗan a tara bokiti, da a bar shi ya ɓarke gaba ɗaya a kan mutane.

Hawa rufi ana tsakiyar ruwa ganganci ne. Jiƙaƙƙen kwano yana da santsi, ga haɗarin aradu, soron da ya sha ruwa kuma yana iya burmawa da nauyin mutum guda. Abin da za a iya yi daga ƙasa shi ne a sa dogon gora a zungure bakin indararo, a kuma buɗe rariyar tsakar gida domin kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Sauran aiki ya jira gari ya waye, sama ta ɗauke.

A ɗakin ƙasa akwai alamomin da ba a jayayya da su. Idan ƙasa ta fara zubowa daga sama, ko azara ta lanƙwasa tana ƙara, ko bango ya tsage, ko gindinsa ya yi laushi, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta soma cijewa, to a fita nan take, ko da cikin ruwan za a tsaya. Kusan kowace damina ana samun labarin ɗakunan da suka rufta wa iyalai cikin dare a Kano da Jigawa da Katsina da Damagaram da Maraɗi, wani lokaci ma bayan ruwan ya ɗauke, domin ginin ƙasa yakan ci gaba da jiƙa. Zama a irin wannan ɗaki da sunan dogaro ga Allah ya saɓa wa hanin da ke Suratul Baƙara na kada mutum ya jefa kansa cikin halaka.

Addini ya sauƙaƙa ko a ibada saboda irin wannan dare. An ruwaito daga Ibn Umar da Ibn Abbas cewa akan umarci ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu in ruwa ya yi yawa. A mazhabar Malikiyya an yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa. Magidancin da ya tsaya a gida yana kwashe 'ya'yansa daga ɗakin da ke zuba yana da uzuri karɓaɓɓe.

Haƙƙoƙin da ke rataye da rufi

Rufi ba na mai gida kaɗai ba ne, domin akwai rayukan da ke kwana ƙarƙashinsa. Mazauni yana cikin abin da ya wajaba miji ya samar wa matarsa gwargwadon halinsa, kamar ci da tufafi. Wanda yake da halin sayen kwano 'yan ƙwarori da ƙusa, ya kashe kuɗin a biki ko sabuwar waya, ya bar iyali suna kwanan zaune da robobi, ya tauye amanar da aka ba shi kiwo. Faɗin "Allah ya kawo" a bakinsa bai sauke wannan nauyi ba.

Malaman fiƙihu sun yi maganar gidan haya ma. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, an ambaci yoyon rufi cikin abubuwan da ke cutar da ɗan haya har su ba shi zaɓi: ya tashi, ko ya zauna ya biya kuɗin haya. A zamanin da samun wani gida ke da wuya, wannan zaɓi kan zama na suna kawai, don haka ya kyautu a rubuta tun farko wanda gyaran rufi ke kansa. Mai gidan da ke karɓar kuɗin shekara cif, ya san ɗakinsa na zuba, ya yi ta cewa sai bayan damina, yana cin moriyar ƙuncin ɗan'uwansa.

Maƙwabci shi ma yana da nasa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora gyaran ƙasan bene da itacen rufinsa a kan mai ƙasan, har ta ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da rigingimun indararo da magudanan ruwa. Ƙa'idar a sarari take: ba ya halatta mutum ya raba kansa da ruwa ta hanyar juya indararonsa kan bangon maƙwabci, ko ya toshe kwata da shara, ko ya yi gini a kan hanyar ruwa, unguwa ta kwana cikin ambaliya.

Mai sakaci da marar hali

Adalci ya hana a yi wa kowa kuɗin goro. Akwai tsohuwar da ba ta da mai hawa mata soro, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, akwai leburan da abin da ya samu yau shi za a ci yau. Waɗannan sun ga tsagar, sun san damina na tafe, hali ne babu. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma haƙurinsu a daren ruwa abin lada ne. Amma nauyin da ya sauka daga kansu bai ɓace ba, ya koma kan dangi da maƙwabta da masu hali da hukuma. Al'adar gayya, inda matasan unguwa ke haɗuwa su kwaɓa ƙasa su yaɓe ɗakin wanda ya gaza, tana cikin mafi kyawun abin da Hausawa suka gada. Leda ko tamfol da aka kai wa maƙwabci kafin Agusta sadaka ce, buɗe masa zaure ya kwana da iyalinsa ranar da ɗakinsa ya zama abin tsoro kuwa wajibi ne na maƙwabtaka. Unguwar da ta bar ɗaki ya faɗa wa marayu alhali kowa ya ga alamarsa ba za ta fake da ƙaddara ba.

Bayan ruwa ya ɗauke

Idan ɓarna ta riga ta auku, hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya shata hanya. Farkonsa umarni ne da himma a kan abin da ke da amfani, da neman taimakon Allah, da barin kasala. Ƙarshensa hani ne ga cin rai da "da na yi kaza", da umarnin mayar da al'amari ga ƙaddarar Allah. Jerin yana da muhimmanci: ƙoƙari ne a gaba, sallamawa a baya. Wanda ya yi iyakar yinsa, ruwa ya fi ƙarfin rufinsa, ya yi istirja'i ya kwantar da hankalinsa. Wanda ya san ya yi sakaci, ya nemi gafara, ya ba iyalinsa haƙuri, ya gyara.

Gyaran kuma yana son natsuwa. Inda ruwa ke ɗiga a ciki ba lalle ne nan ramin yake ba, domin yakan bi katako ko azara ya yi tafiya kafin ya sauko, saboda haka daga sama ake neman tushensa. A canja ƙusar da ta saki, a liƙe ƙananan ramuka da kwalta, a sauya kwanon da tsatsa ta cinye. A shanya kaya, a buɗe tagogi ɗakin ya bushe, a sa mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin a kunna. Babban aiki, kamar sauya azara ko sabon yaɓe, na rani ne, lokacin da ƙasa ke bushewa da kyau, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Da haka iyakar ta fito. Saukar ruwa da yawansa da lokacinsa na Allah ne, ana karɓarsu da godiya da addu'a. Lafiyar rufi da indararo da rariya amana ce a hannun mai hali, za a kuma tambaye shi a kanta. Inda halin mutum ɗaya ya ƙare, amanar tana komawa kan jama'ar da yake zaune a cikinta.